Korona da tarihin 'yan asalin ƙasa a Kanada: yadda ya kamata a karanta ƙuri'un jin ra'ayin jama'a

Tambaya: Wani ɗalibi da ke nazarin kimiyyar siyasa ya rubuto cewa ya ci karo da rahotannin ƙuri'un jin ra'ayin jama'a da aka gudanar a Kanada a shekarar 2021, inda aka tambayi mutane yadda suke ganin gwamnati ta tafiyar da annobar korona, aka kuma tambaye su abin da suka sani game da tarihin 'yan asalin ƙasar. Yana so ya san abin da ya haɗa batutuwan biyu, da kuma ko za a iya dogara da alƙaluman.

Amsa: Malam, abin da ya fara haɗa su shi ne lokaci. A ƙarshen watan Mayu na 2021, Kanada tana fitowa daga zagaye na uku na annobar, jama'a na bin layin allurar rigakafi, sai ga labari daga garin Kamloops da ke lardin British Columbia cewa an gano alamun kaburburan yara a harabar wata tsohuwar makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan asalin ƙasa. Kamfanonin auna ra'ayi irin su Leger da Angus Reid da Abacus Data sun saba tambaya a kan duk abin da ke bakin mutane a makon, shi ya sa batutuwan biyu suka riƙa fitowa tare. Sai dai alaƙarsu ta wuce ta lokaci, domin dukkansu suna komawa ga amanar rayukan da gwamnati ta ɗauka, ko na tsofaffi a gidajen kulawa ko na yara a makarantun kwana. Game da dogaro kuwa, a ganina alƙaluman korona sun fi tsayuwa da ƙafafunsu, na sanin tarihi kuma sai an karanta su da matuƙar taka-tsantsan.

A tsakiyar 2020, cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta tambayi mutanen ƙasashe 14 ko ƙasarsu ta yi ƙoƙari wajen yaƙi da cutar, kuma kashi 88 cikin 100 na mutanen Kanada suka ce ta yi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Firayim Minista Justin Trudeau yana fitowa ƙofar gidansa kusan kullum yana yi wa jama'a bayani, an rufe iyaka da Amurka ga duk tafiyar da ba ta zama dole ba tun 21 ga Maris, kuma gwamnatin tarayya ta riƙa biyan wanda aikinsa ya tsaya dala 2,000 ta Kanada a kowane mako huɗu, tallafin da kusan mutum miliyan 9 suka karɓa. Firimiyoyin larduna, wato shugabannin gwamnatocinsu, daga jam'iyyu daban-daban suka ajiye adawa na ɗan lokaci. Sannan ga maƙwabciya Amurka, wadda rikicinta a kan takunkumi da kulle ya sa mutumin Kanada ya ga tasa gwamnatin ta ciri tuta. Masu nazarin siyasa sun daɗe da sanin cewa idan bala'i ya taso daga waje jama'a kan taru a bayan shugabansu ko da ba shi suka zaɓa ba, kuma hakan ya bayyana a akwatin zaɓe: gwamnatocin New Brunswick da British Columbia da Saskatchewan duk sun yi zaɓe a ƙarshen 2020, duk sun koma da rinjaye.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, a daidai lokacin da ake wannan yabo, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda cutar ta kashe a zagayen farko mazauna gidajen kula da tsofaffi ne, adadin da ya kusa ninka matsakaicin na sauran ƙasashe masu arziki. Sai da aka tura sojoji gidajen a Quebec da Ontario. Rahoton da sojojin suka rubuta a Mayu na 2020 kan gidaje biyar a Ontario ya ambaci kyankyasai da ƙudaje da ruɓaɓɓen abinci, da tsofaffin da aka bari cikin ƙazantarsu suna kiran taimako ba mai amsawa. Quebec ce ta fi kowane lardi asarar rayuka a wannan zagaye, amma firimiyanta François Legault yana cikin waɗanda suka fi farin jini, har ya sake cin zaɓe a Oktoba na 2022 da kujeru 90 cikin 125. Ke nan alƙaluman yabo suna auna yadda mutane ke jin an kula da su kuma ana gaya musu gaskiya, fiye da yadda suke auna yawan rayukan da aka ceta.

Yabon ya fara zaizayewa ne a lokacin hutun Kirsimeti na 2020, da aka gano wasu 'yan siyasa sun tafi shan iska ƙasashen waje alhali sun ce kowa ya zauna a gida. Ministan kuɗi na Ontario, Rod Phillips, yana tsibirin St. Barts a yankin Karibiyan yayin da shafinsa na Twitter ke nuna shi zaune a gefen murhu yana yi wa jama'a barka da Kirsimeti, kuma ya yi murabus ranar 31 ga Disamba. A Fabrairu na 2021 aka shiga ƙarancin allura, domin Kanada ba ta da masana'antar da za ta haɗa ta a gida, kamfanin Pfizer kuma ya rage turowa saboda gyaran masana'antarsa ta Beljiyam. A Afrilu, firimiyan Ontario Doug Ford ya rufe wuraren wasan yara ya kuma ba 'yan sanda ikon tare mutum a titi su tambaye shi inda za shi, rundunonin 'yan sanda da yawa suka ce ba za su yi ba, ya janye cikin kwana ɗaya. Da Pew ta sake tambaya a farkon rabin 2021, masu yabon sun sauko zuwa kashi 65.

A nan akwai tarko ga mai karanta alƙaluma daga waje. A tsarin mulkin Kanada asibitoci da makarantu da dokar kulle suna hannun larduna, tarayya kuma ke da iyakoki da sayo allura da yawancin kuɗin tallafi. Mutumin Nova Scotia, wanda lardinsa ya haɗa kai da sauran lardunan gabar Atlantika uku suka tsaurara shigowa, cutar ta yi musu sauƙi, ba gwamnati ɗaya yake nufi da mutumin Alberta ba idan aka ce musu "gwamnati". A Alberta, firimiya Jason Kenney ya janye kusan dukkan matakai ranar 1 ga Yuli na 2021, asibitoci suka cika a Satumba, masu son a tsaurara suna jin haushinsa, masu ƙin kulle ma suna jin haushinsa, har a Mayu na 2022 ya sami kashi 51.4 kacal na goyon bayan 'yan jam'iyyarsa ya ce zai sauka. Idan ƙuri'a ta ce mutane ba su gamsu ba, dole ka nemi tambaya ta biyu, wato ko sun ga an yi sako-sako ne ko an wuce gona da iri. Trudeau ya kira zaɓen da aka yi a Satumba na 2021 yana fatan samun rinjaye, ya tashi da kujeru 160 cikin 338, kusan inda yake tun 2019, kuma a farkon 2022 direbobin manyan motoci masu adawa da tilasta allura suka mamaye tsakiyar Ottawa har gwamnati ta yi amfani da dokar ta-ɓaci ranar 14 ga Fabrairu.

Duk da waɗannan sharuɗɗa, wanda aka tambaya game da korona yana ba da shaidar abin da ya gani ne. Shagonsa aka rufe, 'ya'yansa ne suka zauna a gida, mahaifiyarsa ce a gidan tsofaffi ba ya iya ziyarta. Gani ya kori ji. Tambayar tarihi kuwa tana neman mutum ya auna girman abin da bai sani ba, wanda aiki ne mai wuya ga kowa.

Ga tarihin a taƙaice. Daga shekarun 1880 gwamnatin tarayya ta kafa tsarin makarantun kwana tana ba da kuɗi, coci-coci suna gudanarwa, mafi yawansu na Katolika, sauran na Anglika da Methodist da Presbyterian. Manufar, wadda jami'ai ba su ɓoye ba, ita ce a raba yaro da iyayensa da harshensa da addininsa na gargajiya har ya narke cikin Turawa. A 1920 aka gyara dokar da ke kula da al'amuran Indiyawan ƙasar, kamar yadda hukuma ke kiran yawancin 'yan asalin ƙasar, aka wajabta zuwa makaranta ga yara 'yan shekara 7 zuwa 15, iyayen da suka ƙi kuma ana iya hukunta su. Kimanin yara 150,000 daga Al'ummomin Farko da Inuit da Métis, wato rukunoni uku na 'yan asalin ƙasar, ne suka bi ta makarantu 139 da aka amince da su a yarjejeniyar biyan diyya, kuma na ƙarshe ba su rufe ba sai a tsakiyar shekarun 1990, wato wasu da suka yi su yanzu ba su kai shekara hamsin ba.

Inda wannan tarihi ya haɗu da batun annoba shi ne tarin fuka. A 1907 babban likitan ma'aikatar da ke kula da Indiyawa, Dakta Peter Bryce, ya zagaya makarantun yammacin ƙasar ya ga ɗakunan kwana a cunkushe, ba iska, mai tari yana kwana kusa da mai lafiya. Daga bayanan makarantu 15 ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na ɗaliban da suka shiga sun mutu. Ya ba da shawarwarin gyara, aka yi kunnen uwar shegu da su saboda kuɗi, daga baya aka yi masa ritaya, ya buga labarin da kansa a 1922. Saboda haka hujjar cewa ba a sani ba a wancan zamani ba ta tsayuwa, domin likitan gwamnati ne ya rubuta, jaridun lokacin ma sun buga.

Haka kuma ba za a ce an ɓoye wa mutanen wannan zamani ba. Firayim Minista Stephen Harper ya nemi afuwa a majalisa ranar 11 ga Yuni na 2008. Hukumar Gaskiya da Sulhu ƙarƙashin Mai Shari'a Murray Sinclair ta saurari shaidu fiye da 6,000, ta tabbatar da mutuwar yara fiye da 3,200 daga takardu, ta kira abin da aka yi kisan ƙare dangi na al'ada, ta kuma fitar da buƙatu 94 a 2015, wasunsu a kan neman kaburbura ne kai tsaye. Binciken cibiyar Environics ya nuna cewa waɗanda suka taɓa jin labarin makarantun sun tashi daga kusan rabin jama'a a 2008 zuwa kusan biyu bisa uku a 2016. Amma a Yuni na 2021, a binciken da Abacus Data ta yi tare da Majalisar Al'ummomin Farko da Gidauniyar Dangantakar Ƙabilu ta Kanada, kusan biyu bisa uku suka ce kafin labarin Kamloops abin da suka sani kaɗan ne ko ma ba su san komai ba. Alƙaluman biyu ba sa cin karo da juna. Na farko ya ƙirga wanda sunan abin ya taɓa wucewa ta kunnensa, na biyu ya ƙirga wanda yake jin ya fahimce shi. Ni dai ina ɗora laifin wannan giɓi a kan manhajar makarantu da gwamnatocin larduna da ke tsara ta, domin shekara shida bayan rahoton Sinclair ba gajeren lokaci ba ne.

Sanarwar Kamloops ta fito ne ranar 27 ga Mayu daga bakin shugabar al'ummar Tk'emlúps te Secwépemc, Rosanne Casimir, kuma ta girgiza ƙasar fiye da yadda duk juzu'an rahoton suka yi. An jera ƙananan takalma ƙafa 215, daidai da adadin kaburburan da aka sanar da farko, a matakalar gidan zane-zane na Vancouver, an sauke tutoci zuwa rabin sanda daga ƙarshen Mayu har Nuwamba, wasu birane kamar Victoria suka soke bikin ranar ƙasa na 1 ga Yuli, an kuma ƙona coci-coci da dama, abin da shugabannin 'yan asalin ƙasar da yawa suka yi tir da shi. Wajibi ne a faɗi abin yadda yake: na'urar da ke hango ƙarƙashin ƙasa tana nuna inda aka taɓa tona ƙasa ne, ba ta nuna ƙashi, kuma a Yuli ƙwararriyar da ta yi aikin ta mayar da adadin zuwa wurare 200 da ake kyautata zaton kaburbura ne. A Cowessess da ke Saskatchewan, inda aka sanar da kaburbura 751 ranar 24 ga Yuni, shugaba Cadmus Delorme ya jaddada da kansa cewa maƙabarta ce da aka cire alamun kaburburanta, mai yiwuwa har da manya a ciki. Jaridu da yawa, musamman na waje, suka rubuta "kabarin bai ɗaya". Wannan sakaci ya ba masu musun tarihin gaba ɗaya ƙofar shiga, alhali mutuwar dubban yaran tana rubuce a rajistar makarantu da ta coci tun kafin a kawo wata na'ura. Mutumin da saninsa ya tsaya a kanun labarai, idan aka gyara kanun, sai ya ɗauka komai ya rushe, kuma ƙuri'ar jin ra'ayi za ta ƙirga shi a cikin masu sani.

Akwai kuma matsalar kunya. Makonni biyu bayan labari irin wannan, mutum kan ji nauyin ya ce bai damu ba, don haka amsoshin nuna damuwa da goyon bayan ɗaukar mataki sukan kumbura, su sake saɓewa idan hankali ya koma kan tsadar gidaje da farashin mai. Shi ya sa tambayar da ake maimaitawa da lafazi ɗaya shekara bayan shekara ta fi wadda aka yi sau ɗaya cikin zafin labari daraja nesa ba kusa ba.

Matsalar da ta fi damuna ita ce wanda ake tambaya. Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan asalin ƙasa miliyan 1.8 ne, kashi 5 cikin 100 na jama'a. A binciken mutum 1,500 rabonsu bai wuce mutum 75 ba, adadin da ba ya isa a yanke hukunci a kan ɗaruruwan al'ummomi masu harsuna daban-daban. Galibin binciken kuma ta intanet ake yi da Turanci ko Faransanci, yankunan arewa uku sau da yawa ba a saka su, ƙauyukan da sai da jirgin sama ake shiga kuwa da wuya a kai gare su. Don haka "ra'ayin mutanen Kanada" game da korona kusan a kullum ra'ayin waɗanda tarihin bai taɓa ba ne.

Da an tambayi waɗanda ya taɓa, da ma'auninsu ya bambanta. Ana ce wa kowa ya yawaita wanke hannu, alhali al'ummar Neskantaga a arewacin Ontario tana ƙarƙashin umarnin tafasa ruwa tun 1995, kuma a Oktoba na 2020, tsakiyar annoba, sai da aka kwashe mutanenta zuwa Thunder Bay saboda an ga maiƙo a ma'ajiyar ruwansu. Trudeau ya yi alkawarin kawo ƙarshen irin wannan umarni kafin Maris na 2021, bai cika ba. A lokacin murar aladu ta 2009, wasu al'ummomin arewacin Manitoba sun nemi kayan kariya, ma'aikatar lafiya ta tarayya ta haɗa musu da jakunkunan saka gawa. A 28 ga Satumba na 2020, Joyce Echaquan, 'yar ƙabilar Atikamekw mai 'ya'ya bakwai, ta nuna kanta kai tsaye a Facebook daga gadon asibiti a Joliette ma'aikata suna zaginta jim kaɗan kafin ta cika, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar da cewa wariyar launin fata ta taimaka wajen rasuwarta. Masanin tarihi Ian Mosby ya bayyana a 2013 cewa tsakanin 1942 da 1952 an yi gwajin abinci a kan masu yunwa a wasu ƙauyukan 'yan asalin ƙasa, da kuma kan yara a makarantun kwana shida ba da izinin iyayensu ba. Mai karatu a Kano ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin gwajin maganin Trovan da Pfizer ta yi a lokacin sanƙarau na 1996 yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da allurar shan inna a 2003.

Abin lura shi ne wannan tarihi bai sa al'ummomin sun juya wa rigakafi baya ba. Da yawa sun kafa shingaye a hanyoyin shiga garuruwansu tun farkon annobar ba tare da jiran izinin kowa ba, kamar yadda mutanen Haida suka yi a tsibiransu, domin kakanninsu sun ba su labarin agana ta 1862 da ta kusa ƙarar da su. Gwamnati ta saka manyan 'yan asalin ƙasa cikin rukunin farko na masu karɓar allura, a Ontario aka kai ta da jiragen sama zuwa al'ummomi 31 na can arewa, dattawa suka fara miƙa hannu a gaban jama'a, ma'aikatan lafiya na gida suka yi bayani da harshen gida. Wannan yana cikin abubuwan da aka yi daidai, kuma ya yiwu ne saboda an bar shugabancin aikin a hannun masu garin.

Ko sanin da ya ƙaru a 2021 ya canja wani abu? Ya canja, amma ƙasa da yadda alƙaluman suka sa aka yi zato. Cikin makonni kaɗan majalisa ta amince da 30 ga Satumba a matsayin ranar gaskiya da sulhu ta ƙasa, aka zartar da dokar aiwatar da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa, aka naɗa Mary Simon, 'yar Inuit, Gwamna Janar, wato wakiliyar Sarauniya a ƙasar. Paparoma Francis ya zo Maskwacis a Alberta ya nemi afuwa ranar 25 ga Yuli na 2022, kuma a Oktoba majalisar wakilai ta amince baki ɗaya cewa abin da aka yi kisan ƙare dangi ne. A ɗaya ɓangaren, a ranar sulhun ta farko Trudeau ya tafi hutu da iyalinsa bakin teku a Tofino duk da gayyatar da mutanen Kamloops suka yi masa, sai daga baya ya nemi afuwa. Cibiyar Yellowhead, wadda masana 'yan asalin ƙasa ke jagoranta a Toronto, ta ƙirga cewa an cika buƙatu uku a makonnin da suka biyo bayan Kamloops, zuwa ƙarshen 2023 kuma 13 kacal cikin 94 aka cika, ba ko ɗaya a wannan shekarar, har ta daina fitar da rahoton shekara-shekara.

Idan za ka yi amfani da alƙaluman a rubutunka, Malam, ka ajiye kwanan watan da aka yi binciken kusa da kowane adadi, ka nemo ainihin lafazin tambayar, ka kuma duba ko tarayya ake nufi ko lardi. Game da ra'ayin 'yan asalin ƙasar su kansu, ka nemi binciken lafiya da Cibiyar Kula da Bayanan Al'ummomin Farko ke gudanarwa a cikin garuruwansu, wanda su ne ke tsara tambayoyinsa, su ke tattara amsoshin, su ke kuma riƙe da bayanan.